Ya Furta Laifinsa, Amma Idonsa Yana Kan Ƙofa

Ɗan'uwa mai karatu, ga tambayar da ta kamaci kowane mai bi ya yi wa kansa kafin ya matso teburin Jibin Ubangiji: idan mutum ya buɗe baki ya faɗi dukan laifinsa, bai ɓoye kome ba, ya tuba ke nan? Yawancinmu za mu ce i, gama mun san irin nauyin da ke cikin faɗin gaskiya a kan kai. Amma Littafi Mai Tsarki bai bar mu mu yi saurin amsawa ba. Fir'auna ya amsa laifinsa a gaban Musa sa'ad da ƙanƙara ta ragargaza ƙasar Masar, da sama ta washe kuwa sai ya sake taurare zuciyarsa. Sarki Saul ya amsa nasa a gaban Sama'ila, amma nan take ya roƙa a girmama shi a idon dattawan jama'a. Yahuza Iskariyoti ya amsa nasa a gaban manyan firistoci, har ya mai da azurfa talatin ɗin, sa'an nan ya fita ya rataye kansa. Dukansu uku gaskiya suka faɗa, ba kuwa wanda ya sami salama a cikinsu. Ashe akwai tazara tsakanin furta laifi da tuba, mutum kuma yana iya mutuwa a cikin wannan tazara.

Domin mu auna ta, zan kai ka inda ba a saba neman darasin ruhaniya ba, wato wani tsohon fim na Amurka, irin mai hoto baƙi da fari. Kada wannan ya dame ka. Da Ubangiji ya aiki annabi Natan wurin Dawuda, labari ya fara ba shi, na mai arziki da 'yar tunkiyar matalauci, domin mutum yakan yanke hukunci daidai muddin yana tsammani da wani ake.

Sunan fim ɗin Double Indemnity, kamfanin Paramount ne ya fitar da shi a 1944. Ma'anar sunan ita ce diyya ninki biyu. Magana ce ta masu aikin inshora: sharaɗin da ya ce idan mai inshora ya mutu ta wani irin hatsarin da ba kasafai yake aukuwa ba, kamfani zai ninka kuɗin da zai biya magada. Wanda ya ba da umarni shi ne Billy Wilder, Bayahuden da ya tsere daga Jamus a 1933 sa'ad da Hitler ya hau mulki. Shi da marubuci Raymond Chandler suka tsara fim ɗin daga littafin James M. Cain. Cain kuwa daga wata shari'a ta gaske ya samo tushen labarinsa. A 1927, a birnin New York, Ruth Snyder da kwartonta Judd Gray suka kashe mijinta bayan an yi masa inshora. Da aka gurfanar da su, kowannensu ya ɗora wa ɗayan laifin. An zartar musu da hukuncin kisa a kurkukun Sing Sing a watan Janairu 1928.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da finafinan Amurka suka sake isa Faransa, masu sharhi a can suka lura da wani sabon salo a cikinsu. A 1946 ɗaya daga cikin masu sharhin, Nino Frank, ya kira salon da kalmomin Faransanci film noir, wato baƙin fim. Finafinai ne na dare da inuwa, na ɗakunan da haske ke kutsawa ta labulen taga mai layi-layi ya zana sanduna a jikin mutane kamar suna cikin kurkuku tun ba a kama su ba. Double Indemnity yana cikin na gaba-gaba a wannan salo. An sa shi takarar kyautar Oscar a fannoni 7, bai ci ko ɗaya ba, amma har yau ana lasafta shi cikin manyan finafinan Amurka.

Fim ɗin ya buɗe da tsakar dare a Los Angeles, cikin watan Yuli 1938. Walter Neff, ɗan shekara 35, mai tallan inshora, ya shiga ofishin kamfaninsu yana tangaɗi, da harsashi a kafaɗarsa. Ya zauna, ya kunna na'urar ɗaukar murya, ya fara ɗauka wa abokin aikinsa Barton Keyes saƙo. Tun a mintunan farko ya faɗi cewa shi ne ya yi kisan da kamfani ke bincike a kai, kuɗi da mace ne suka sa shi, ga shi kuma ya tashi ba ko ɗaya. Saboda haka mai kallo ba ya neman sanin wanda ya yi kisa. Abin da yake bi shi ne yadda mutum mai aiki da mutunci ya kai ga wannan kujera.

Ga yadda ya ba da labarin. Wata rana ya je gidan wani mai harkar man fetur, Dietrichson, domin sabunta inshorar motocinsa. Bai sami maigidan ba, sai matarsa Phyllis. A zuwansa na biyu ta tambaye shi ko za a iya yi wa mijinta inshorar hatsari ba da saninsa ba. Neff ya gane inda ta dosa, ya faɗa mata ya gane, ya ɗauki hularsa ya fita. Amma da dare ta bi shi har masaukinsa, kafin ta bar wurin kuwa sun gama ƙulla shawara. Ya yaudari maigidan ya sa hannu a takardar inshora ta dala 50,000 yana zaton ta mota ce. Shi ne kuma ya nace cewa lalle mutuwar ta zama ta jirgin ƙasa, domin kuɗin ya ninku zuwa dala 100,000.

Ana nan sai Dietrichson ya karye a ƙafa, ga shi kuma zai tafi taron tsofaffin ɗalibai a garin Palo Alto ta jirgin ƙasa. A hanyar tasha, Neff da ya ɓuya a bayan mota ya kashe shi. Ba a nuna mana kisan ba, fuskar matar kaɗai aka nuna, tana zaune a mazaunin direba tana kallon gabanta. Neff ya ɗauki sandunan dogarawar mamacin, ya shiga jirgi a matsayinsa, ya diro daga taragon ƙarshe a wurin da suka shirya, suka shimfiɗa gawar a kan layin dogo. Kome ya tafi yadda suka tsara. Duk da haka, yana tafiya a titi a daren nan sai ya ji a ransa cewa kome zai rushe. Ya ce ko ƙarar sawunsa bai iya ji ba, kamar matacce ne ke tafiya.

Keyes shi ne mai binciken da'awar diyya a kamfanin, shekararsa 26 yana wannan aiki. Yakan ce akwai wani ɗan ƙaramin mutum a cikinsa da ke ɗaure masa hanji duk sa'ad da aka kawo masa takardar ƙarya. Da shugaban kamfani ya ce mamacin kansa ya kashe, Keyes ya rushe maganar: wa zai nemi mutuwa ta dira daga bayan jirgin da ke gudun mil 15 a sa'a? Amma daga baya wata tambaya ta hana shi cin abinci. Mutumin nan yana da inshorar hatsari, ya karye a ƙafa, me ya sa bai nemi diyyar karayar ba? Amsa ɗaya ce: bai san yana da ita ba. Daga nan ramin ƙarya ya fara ƙurewa. Keyes ya gaya wa Neff, bai kuwa san da wa yake magana ba, cewa mutum biyu da suka haɗa hannu a kisa kamar sun shiga mota ɗaya ce wadda ba mai iya sauka a hanya, tasharta ta ƙarshe kuwa maƙabarta ce.

Haka kuwa aka yi. Lola, 'yar mamacin daga matarsa ta fari, ta shaida wa Neff cewa Phyllis ce ta yi jinyar mahaifiyarta, tana kuma zarginta da mutuwarta. Keyes ya fara zargin saurayin Lola, Nino Zachetti, domin an ga yana zuwa gidan Phyllis. Masoyan nan biyu suka koma tsoron juna. A haɗuwarsu ta ƙarshe ta harbe shi, ta kasa yin harbi na biyu, shi kuwa ya harbe ta har lahira. Daga can ne ya nufi ofis da jini a kafaɗa.

Ka dubi waɗanda aka zaɓa su fito a fim ɗin, gama akwai abin koyo a zaɓin. Manyan 'yan wasa da dama sun ƙi fitowa a matsayin Neff. Wilder ya ba da labari cewa George Raft ya tambaye shi a ina ne cikin labarin za a gano cewa mutumin ɗan sandan ciki ne mai kama masu laifi. Da ya ji babu wannan wuri, sai ya ƙi. A ƙarshe aka sami Fred MacMurray, wanda jama'a suka sani da finafinan raha da fuskar mutumin kirki, shi ma sai da aka yi ta lallashinsa. Barbara Stanwyck, wadda a 1944 ita ce macen da ta fi kowace samun albashi a Amurka, ta yi jinkiri kafin ta yarda ta fito a matsayin mai kisan kai. Keyes mai gaskiya kuwa, Edward G. Robinson ne ya fito a matsayinsa, haifaffen Romaniya, wanda ya yi suna tun 1931 da fitowa a matsayin shugaban 'yan ta'adda a fim ɗin Little Caesar. Ka gani, mai fuskar kirki aka ba aikin kisa, mai fuskar ɗan daba aka ba aikin lamiri. Ka tuna da abin da Ubangiji ya koya wa Sama'ila a gidan Yesse game da bambancin duban mutum da duban Allah (1 Sama'ila 16:7). Mun fi so mugunta ta zo da fuskar da za mu gane daga nesa, domin in haka ne, ba za mu taɓa nemanta a madubi ba.

Yaushe ne zunubin Neff ya fara? Mai saurin hukunci zai ce ranar da ya ga matar. Muna ma da karin magana da muke fakewa da ita, cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Phyllis muguwa ce, ba shakka, laifinta kuma yana kanta. Amma Neff da bakinsa ya bayyana cewa shekara da shekaru yana tunanin yadda zai cuci kamfanin. Shekara 11 yana aikin, ya ga dabarun 'yan damfara iri-iri, ya ga inda kowannensu ya yi kuskure, ya riƙa ce wa kansa shi da ya san aikin daga ciki ba zai yi irin kuskurensu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Matar ta zo ne ta tarar da gona an riga an share, iri ma yana hannu. Wasiƙar Yakubu 1:14-15 ta bi wannan hanya daki-daki, daga sha'awar da ke cikin mutum zuwa zunubi, daga zunubi zuwa mutuwa, ta kuma kwatanta abin da ɗaukar ciki da haihuwa. Ciki kuwa ba a rana ɗaya yake girma ba.

Wannan gargaɗi ne musamman ga wanda aka amince da shi. Akwai wurin da Neff ya saurari wani saƙo da Keyes ya ɗauka wa shugaban kamfani, ya ji abokinsa yana tsaya masa, yana cewa ya san shi shekara 11, ba ya kuma shakkarsa ko kaɗan. Ya ji wannan shaida, bai juyo ba, sai ma ya ga dama ce ta barin laifin ya faɗa kan Nino. Yahuza shi ne mai riƙe da jakar kuɗin almajirai (Yahaya 12:6), ba a kuwa ba da jaka sai ga wanda aka yarda da shi. Idan kai ne ma'ajin ikkilisiya, ko mai riƙe da kuɗin adashin zumuntar mata, ko malamin da iyaye ke danƙa wa 'ya'yansu, ko ma'aikacin da maigida ya daina duba lissafinsa, ka sani amincewar da aka yi maka ta cire shingen da ke tsare waɗansu. Ba abin da ya rage tsakaninka da ramin sai tsoron Allah.

To, mu koma ga tambayarmu. Neff ya faɗi kome, ya ba da suna da wuri da lokaci. Furcinsa kuma ya yi amfani, kada mu raina shi. Kafin ya bar gidan Phyllis ya tare Nino a waje, ya hana shi shiga tarkon, ya ba shi kuɗin waya ya ce ya kira Lola. Saƙonsa ya wanke marar laifi. Ya kuma roƙi Keyes ya sanar da Lola a hankali, ya kula da ita. Akwai sauran lamiri a cikin mutumin nan. Amma ka lura da yadda ya yi furcin. Tun da farko ya ce ba ya son a kira maganarsa furta laifi, ya mai da ita kamar takardar ofis mai gyara kuskuren bincike. Ga na'ura ya faɗa, cikin dare, ba idon kowa a kansa, da nufin a saurara bayan ya yi nisa. Da ya waiga ya ga Keyes tsaye a bakin ƙofa, ya riga ya ji abin da ya isa, sai ya roƙi a ba shi sa'a huɗu domin ya ƙetare iyaka zuwa Meziko. Yana so a san gaskiya, amma ba ya so gaskiyar ta riƙe shi. Keyes ya gaya masa ko na'urar sauka daga bene ba zai kai ba. Ya tashi ya yi ƙoƙari, ya faɗi a ƙofar ofis.

Irin wannan furci ba baƙo ba ne a wurinmu. Shi ne na mutumin da ke durƙusawa ya faɗa wa Allah kome a ɗakinsa, domin ya san Allah ba zai kai ƙararsa wurin matarsa ba. Shi ne na wanda ya tsaya a gaban taro ya ce shi mai zunubi ne, da hawaye, amma bai ambaci sunan zunubin ba, bai kuma je wurin wanda ya cuta ba. Shi ne na wanda ya amsa laifi sa'ad da ya ga asiri ya riga ya tonu, domin amsawa ta fi musu sauƙi. Furcin yakan rage nauyin ƙirji, mutum ya sami barci, amma ƙafarsa tana nan a kan hanyar da take. Manzo Bulus ya raba baƙin ciki gida biyu a 2 Korantiyawa 7:10, akwai wanda ke kai mutum ga tuba da ceto, akwai kuma irin na duniya mai ƙarewa da mutuwa. A waje kamanninsu ɗaya ne, duka biyu suna kuka. Inda mutum ya fuskanta bayan kukan, nan ne ake rarrabe su.

Ka ɗauki Dawuda. Laifinsa bai gaza na Neff ba. Ya ɗauki matar Uriya Bahitte, ya nemi rufe abin da dabara, da dabara ta ƙi sai ya rubuta wa Yowab umarnin a sa Uriya inda yaƙi ya fi zafi a janye a bar shi, ya kuma ba Uriya wasiƙar ya kai da hannunsa (2 Sama'ila 11). Shi ma mutuwar da ya shirya ta yi kama da hatsari. Shi ma ya yi zaton ya tsira, har aka haifi yaron. Amma sa'ad da Natan ya nuna masa cewa shi ne mai arzikin nan na cikin labari, Dawuda yana da ikon da Neff bai taɓa samu ba: sarki ne, kalma ɗaya ta isa a kawar da annabin. Bai yi haka ba, bai kuma nemi sa'a huɗu ba. Ya amsa a wurin, fuska da fuska, ya kira abin da sunansa, ya kuma gane cewa Ubangiji ne ya saɓa wa. An gafarta masa nan take, amma yaron ya mutu, takobi kuma bai rabu da gidansa ba. Ya karɓi gafarar, ya karɓi horon, bai zaɓi ɗaya ya bar ɗaya ba. Zabura 51 ta fito daga wannan lokaci, har yau kuwa masu tuba da ita suke addu'a.

Akwai kuma wanda ya fi Dawuda kama da Neff, wato ɗan fashin da aka gicciye kusa da Yesu (Luka 23:39-43). Shi ma mai laifi ne, jini yana zuba, sa'o'i kaɗan suka rage masa. Ɗan'uwansa na ɗaya gefen kuɓuta yake nema, a sauke shi daga gungumen ya tafi. Wannan kuwa ya yarda cewa hukuncin da ke kansu daidai ne, ya shaida cewa Yesu ba shi da laifi, sa'an nan ya juya ga Yesu ya roƙa a tuna da shi. Ba shi da lokacin gyara kome, ba zai iya mai da ko kwabo ba. Abin da ya iya shi ne ya daina duban hanyar tsira ya dubi Mai Ceto, aka kuwa yi masa alkawarin Firdausi a ranar. Tuba ke nan: mutum ya faɗi gaskiya, ya tsaya a gaban wanda ya faɗa wa, ya daina shirin gudu.

Kada mu wuce ba mu dubi Keyes ba, gama wata rana kai ne za ka tsaya a bakin ƙofa kana jin abin da ba ka so ka ji daga bakin wanda kake ƙauna. Keyes bai ba shi sa'a huɗun ba. Ya ɗauki waya ya kira motar asibiti, ya kuma ce aikin 'yan sanda ne, duka a kira ɗaya. Sa'an nan ya zo ya durƙusa kusa da shi. Neff ya ce masa abin da ya hana shi gano mai laifin shi ne ya yi kusa da yawa, tebur kaɗai ke tsakaninsu. Keyes ya amsa cewa kusancin ya fi haka. Tun farkon fim ɗin, duk sa'ad da Keyes ya laluba aljihu bai sami ashana ba, Neff ne ke kyasta masa. Yanzu hannun Neff ya kasa, sai Keyes ya kyasta masa. A nan fim ɗin ya ƙare. Wilder ya ɗauki wani ƙarshe dabam, inda ake kashe Neff a ɗakin iskar guba Keyes yana kallo, amma ya cire shi, ya ga wannan ya isa.

Sa'ad da amintacce ya faɗi a cikin ikkilisiya, mukan rabu kashi biyu. Waɗansu su ce a rufa asiri domin sunan ikkilisiya. Rufin asiri abu ne mai daraja a wurinmu, yana kuwa da kyau idan talauci ko rauni ake rufewa. Amma idan akwai marainiyar da aka cinye wa gādo, ko yaron da za a ɗora wa laifin da bai yi ba, rufewar ta zama haɗa hannu da zalunci. Waɗansu kuma su ce a yar da shi, kada a ƙara gaishe shi. Galatiyawa 6:1 ta sa mu a hanya ta uku: a komo da wanda ya faɗi cikin tawali'u, mai komowa da shi kuma ya lura da kansa. Ba za ka taimake shi gudu ba, ba kuwa za ka bar shi kwance shi kaɗai a ƙofa ba.

Iyakar abin da Keyes ya iya ke nan. Yana iya gano laifi, yana iya ƙaunar mai laifin, amma ba shi da ikon ɗauke laifin. A nan baƙin fim yake tsayawa, Bishara kuwa ta ci gaba. Neff ninki biyu ya nema. Shari'ar Musa ma ta yi maganar ninki biyu, amma a kan ɓarawo ta ɗora shi: wanda aka kama da kayan sata yakan biya ninki (Fitowa 22:4, 7). Zunubi ba ya barin mutum ya biya daidai abin da ya ɗauka, yakan haɗa da barcinsa da amincin gidansa da sunansa. Sai annabi Ishaya ya zo ya juya lissafin, ya yi wa mutanen Allah albishir da rabo ninki biyu a madadin kunyarsu (Ishaya 61:7). Surar nan ce Yesu ya buɗe ya karanta farkonta a majami'ar Nazarat, ya ce a kansa ta cika. Abin da ba mu iya biya ba, shi ya biya a kan gicciye. Saboda haka mai tuba ba ya bukatar iyakar da zai ƙetare. Alƙalin da yake tsoro shi ne ya ba da ransa dominsa.

Yanzu fa, ɗan'uwa, 'yar'uwa, da kai ake, da ke ake. Idan akwai abin da ka daɗe kana faɗa wa Allah a ɓoye amma bai taɓa sake tafiyarka ba, ka tambayi kanka wace ƙofa ce idonka yake kai. Ka kira zunubin da sunansa a gaban Ubangiji. In sata ce, kada ka ce rance. Ka nemi fasto ko wani dattijo cikin bangaskiya mai riƙe amana ka faɗa masa ido da ido, gama Yakubu 5:16 ta haɗa furta wa juna laifi da addu'a da warkarwa. Ka je wurin wanda ka cuta. In akwai abin mayarwa, ka mayar, kamar yadda Zakka ya yi alkawarin rama ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta, a ranar da Yesu ya sauka a gidansa. In akwai wanda ake zargi a madadinka, kada rana ta faɗi yau ba ka wanke shi ba. Mai yiwuwa ka rasa muƙami, mai yiwuwa a sa ka a ƙarƙashin horo, mai yiwuwa ma maganar ta kai gaban hukuma. Ba wanda zai yi maka alkawari cewa ba za a yi haka ba, Dawuda ma ba a yi masa ba. Alkawarin da kake da shi yana cikin 1 Yahaya 1:9, ya kuma rataya ne a kan amincin Allah da adalcinsa: gafara da tsarkakewa ga wanda ya zo da gaskiya. Neff ya jira har jininsa ya kusa ƙarewa kafin ya yi magana. Kai kana da sauran ƙarfin tashi ka tafi da ƙafarka.

Mu yi addu'a. Ya Uba mai jinƙai, kai ka san abin da muka ɓoye wa na kusa da mu, ka kuma san hanyoyin gudu da muka tanada a zukatanmu. Ka ba mu baƙin ciki irin wanda ke kawo mu gare ka. Ka ba mu ƙarfin hali mu tsaya a gaban waɗanda muka cuta, mu mai da abin da ba namu ba. Sa'ad da ɗan'uwa ya faɗi, ka koya mana mu riƙe gaskiya, mu kuma riƙe hannunsa. Muna roƙo cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.